Firigon da ba shi da inji: kada kuɗin adashe su ƙare a kan fanka



A bazarar da ta wuce wata dattijuwa daga Tunuga ta bugo mana waya muna cikin shiri. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce: "Ku ƴan rediyo da kuka yi lakwal, ku warware mini wannan." Ta kwashi adashenta ne ta ba wani ɗan uwa ya sayo mata ɗan ƙaramin firigo, irin wanda ake jonawa da batir, domin ta riƙa sanyaya zoɓo da fiya wata tana kaiwa kasuwa. Abin yana aiki, fitilarsa na kamawa, fanka na kuka dare da rana, amma ruwan da ke fitowa ciki bai fi na randa sanyi ba. Batir kuma kafin gari ya waye ya kwanta. Da aka koma wajen mai kanti sai ya ce batir ɗinta ne ya tsufa. Ta ranci kuɗi ta sayi sabo, labari bai canza ba.

Muka ce mata: "Inna, juya bayansa ki gaya mana abin da kika gani." Ta ce fanka ce kawai da ƴan ramuka. Muka ce: "Kina iya ɗaga shi da hannu ɗaya?" Ta yi dariya ta ce ai jikarta ma tana ɗauka. Daga nan muka gane ciwon, ba don wani ilimi mai zurfi ba, sai don mu ma ya taɓa cizon mu. Irin wannan akwati mun taɓa haɗa kuɗi mu da abokan aiki muka saya don ruwan sha a wurin aiki, kuma abin da ya same ta shi ya same mu.

Ra'ayinmu a kan wannan batu ba ɓoyayye ba ne. Wannan akwati ba jabu ba ne, kuma ba lalatacce ba ne. Yana yin iyakar abin da aka ƙera shi ya yi. Amma ba kayan sana'a ba ne a ƙasa mai zafi irin tamu, kuma duk wanda ya sayar wa mai talla da shi da sunan firigo, ko ya sani ko bai sani ba, ya cuce ta.

Bari mu leƙa cikinsa. Firigo na gaskiya yana da inji a ƙasan bayansa, wata baƙar tukunyar ƙarfe mai nauyi da masu gyara ke kira kwamfuresa, wadda ke tura gas cikin bututu. Shi wannan ba shi da ita. Abin da ke cikinsa wani ɗan farin faranti ne mai kusurwa huɗu, santimita 4 a kowane gefe, bai kai kwalin ashana girma ba, da wayoyi biyu, ja da baƙa. Idan aka sa masa wuta sai fuska ɗaya ta yi sanyi, ɗayar ta yi zafi. Wani Bafaranshe mai suna Jean Peltier, wanda asalin sana'arsa gyaran agogo ce, shi ya gano wannan al'amari a shekarar 1834, shi ya sa ake kiran abin da sunansa har yau. Abin sha'awa ne ƙwarai idan mutum ya riƙe shi a hannu, domin babu gas, babu abin da ke motsi, sai sanyi kawai. Ranar da wani mai gyaran salula ya fara nuna mana shi, har ƴar ƙanƙara ta fito a fuskarsa cikin ƴan mintoci, mun ɗauka mun ga ƙarshen wahalar ruwan sanyi.

To amma farantin ba ya kashe zafi, ɗaukar sa yake yi daga wannan fuska ya kai waccan. Kuma wutar da shi kansa ya ci, ita ma zafi take komawa, ta taru a fuska mai zafin. Wato idan ya ci wat 60 ya kwaso zafin wat 20 daga cikin akwati, to zafin wat 80 ne ke jibge a bayansa yana jiran a kore shi. Aikin fankar ke nan, ita da wani ƙarfe mai haƙora kamar mataji da aka manna a bayan farantin. Idan iskar da fankar ke hurawa ita ma mai zafi ce, ko ƙurar hunturu ta toshe haƙoran, sai zafin ya riƙa komawa inda ya fito. Sannan kuma waccan ƙanƙarar da ake nuna wa mai saye, tana fitowa ne don ba a aza masa kaya ba. Jaki ma in ba kaya sai ya yi ta sukuwa. Da zarar an cika akwatin da ledojin ruwa, sanyin ya raba kansa ya ɓace.

Ba mu ne farkon waɗanda wannan faranti ya yaudara ba, kuma labarin waɗanda suka riga mu ya kamata kowane ɗan kasuwa ya ji shi. A ƙasashen Turai da Amurka akwai samari masu sha'awar kwamfuta da ba su gamsuwa da gudun da kamfani ya ƙayyade wa ƙwaƙwalwar na'urar, sai su ƙure ta, kamar dai ɗan kabu-kabu da ya kai babur wajen makanike a buɗe masa wuta. A shekarar 1998 kamfanin Intel ya fitar da wata ƙwaƙwalwa mai araha da ake kira Celeron 300A, wadda aka rubuta mata gudun megahaz 300, sai samarin nan suka gano tana iya yin 450. Masu kwaɗayin abin da ya fi haka suka tarar da katanga guda, wato zafi, domin duk ƙwaƙwalwar da aka ƙure sai ta ƙara zafi, in zafin ya yi yawa ta rikice ko ta ƙone. Sai suka ɗauko farantin Peltier suka manna mata. A lokacin abin ya yi musu aiki, saboda ƙwaƙwalwar zamanin ba ta wuce zafin wat 20 zuwa 30 ba. Amma ko a lokacin sun sha wuya. Fuskar sanyin takan yi zufa, irin raɓar da ke fitowa a jikin kwalbar lemo, ruwan ya ɗiga cikin na'ura ya kashe ta. Wanda kuma fankarsa ta tsaya bai lura ba, farantin da ya sa don sanyi shi ne ke dafa masa ƙwaƙwalwar.

Da ƙwaƙwalwar kwamfuta ta ƙara ƙarfi, har manyan cikinsu suka kai ga fitar da zafin da ya zarce wat 250, sai akasarin samarin suka watsar da farantin suka koma ga sanyaya ta da ruwa mai zagayawa cikin bututu. A shekarar 2020 Intel da kansa ya sake gwadawa, tare da kamfanonin Cooler Master da EK, aka fito da na'urar sanyaya mai farantin Peltier wadda ita kaɗai ke iya cin wuta kusan wat 200. A shekarar 2023 kamfanin ya janye daga shirin. Ku duba fa, waɗannan mutane ne masu kuɗi, masu wutar da ba ta yankewa, a ɗakunan da zafinsu bai kai rabin namu ba, kuma abin da suke son sanyayawa bai fi girman tambarin wasiƙa ba. Su ma sun ga ba riba. To ina ga mai zoɓo a Tunuga da batir ɗaya?

Mu zo ga lissafi, tun da da ƴan kasuwa muke magana. Masu ƙera irin wannan akwati da kansu sukan rubuta a jikin kwali cewa yana rage zafi da digiri 15 zuwa 20 ƙasa da na iskar da ke kewaye da shi. A nan maganar take. A ƙasar da zafin ɗaki yake digiri 22, cikin akwatin zai sauka zuwa 5 ko kusa da haka, kuma wannan sanyin firigo ne. A Gaya kuwa, cikin watan Afrilu, rana takan kai digiri 40 har ta wuce, balle a ƙarƙashin rumfar kwano. A cire 18 daga 42, saura 24. Ruwan digiri 24 ba wanda zai biya kuɗin ruwan sanyi a kansa.

Wutar da yake ci kuma ba ta wasa ba ce. Irin wanda aka fi kawowa yana jan amfiya 4 zuwa 5 a kan bolt 12, wato wat 50 zuwa 60, kuma a zafinmu ba ya hutawa, domin ba ya taɓa kaiwa sanyin da zai sa ya tsaya. Wat 60 cikin awa 24 ya kama kilowat 1 da kusan rabi a kwana guda. Babban batir mai amfiya 100, wanda masu sola ke gargaɗin kada a zuƙe shi fiye da rabi, awa 10 kawai zai ɗauke shi. Wanda ya riƙa barin sa yana zuƙewa har ƙasa kullum, cikin ƴan watanni zai sayi wani. Ashe batir ɗin dattijuwar nan ba tsufa ya yi ba, akwatin ne ya kashe shi. Shi kuwa firigo mai kwamfuresa, da wutar da ta yi daidai da wannan yana kwashe zafi ninki uku ko fiye, ya kai sanyin da ake so, ya tsaya ya huta, sannan ya sake tashi.

Ga wani lissafin. Ledar ruwa 20 ta rabin lita, lita 10 ke nan. Kafin a sauko da su daga digiri 35 zuwa 10, sai an kwashe zafin da ɗan farantin nan zai yi awa 15 yana fama da shi, in ma a ce zai iya kaiwa can, alhali a bazara ba zai kai ba. Ƙanƙara kilo 3 da ɗan ɗori a cikin kula mai murfi mai kyau za ta yi wannan aikin tun kafin a gama shimfiɗa kaya.

Asarar ruwa da zoɓo ma da sauƙi. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne kifi da nono da magani. Tunuga da Dole da sauran garuruwan bakin kogi, kifi ne rabin arzikinsu, tarwaɗa da ƙarfasa da giwan ruwa. Ɗanyen kifi yana son sanyin da ke kusa da digiri sifili, wato a kwantar da shi cikin ƙanƙara. A rufe shi cikin akwati mai laima a digiri 24 kuwa, an yi wa ƙwayoyin cuta shimfiɗa ne, kuma mai kifin hankalinta kwance don tana ganin ai yana cikin firigo. Gara wadda ta san ba ta da firigo, ita tun da hantsi za ta sayar ko ta kai shi banda, yadda matan Sarkawa suka saba tun kaka da kakanni. Haka allurar rigakafin dabbobi da ta mutane, akasarinsu ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 da 8. Mai kantin maganin da ya zuba su cikin irin wannan akwati, yana iya sayar wa makiyayi allurar da ta riga ta mutu ba tare da ko ɗayansu ya sani ba.

Wani zai ce to me ya kai mutane ga saye? Amsar kowa ya san ta, wuta ce. Kuran ɗin da Gaya ke sha daga Kamba ake jawo shi, kamar yadda Doso da Yamai ke samun nasu ta layin Birnin Kebbi. A farkon watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar nan ke amfani da shi, ba a maido ta ba sai watan Maris na 2024. Duk wanda ke sana'ar ƙanƙara ko ruwan sanyi bai manta da waɗannan watanni ba. Ƙauyuka da yawa kuma ko da can waya ba ta kai gare su ba. Macen da ta ga abu mai araha, mara nauyi, wanda aka ce mata batir ko farantin sola ɗaya ya ishe shi, ba wauta ta yi ba da ta miƙa hannu. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Ba kuma za mu ce duk mai sayar da shi macuci ne ba. Da yawansu ƴan uwanmu ne da ke saro kaya a Kamba ko Malanbil ko Kano, su ma hoton kwali suka gani, kwalaben lemo na zufa a kan dusar ƙanƙara, suka gaskata. Kuma akwatin yana da wurin da yake da amfani. Direban da ke cikin mota mai iyakwandishan, ya zuba ruwan da ya riga ya yi sanyi, injin mota na ba shi wuta, zai ji daɗinsa daga Gaya har Yamai. A ɗakunan gwajin asibiti ma akwai na'urori masu tsada da ke aiki da wannan faranti, saboda can ɗigon abu ake son a ɗumama a sanyaya daidai wa daida, ba a damu da kuɗin wuta ba. Ƴan ƙananan fankokin da samari ke mannawa a bayan salula don kada ta yi zafi wajen wasa, wasunsu shi ne a ciki, kuma muna ba su shawara su yi hattara da zufar nan da damina, tun da yankinmu ya fi ko'ina laima a ƙasar nan. Amma uzurin rashin sani iyakarsa karo na farko. Mai kantin da mata uku suka dawo masa da kuka iri ɗaya, ya ci gaba da cewa batir ne, har ma ya sayar musu da batir ɗin, wannan ya san abin da yake yi.

Gane shi ba wuya, ko ga wanda bai yi karatu ba. A ɗaga shi a ji nauyi, a leƙa ƙasan bayansa a nemi baƙar tukunyar nan. A jona shi a kasa kunne: mai kwamfuresa yana ɗan gurnani da rawar jiki, ya yi shiru, ya sake tashi, shi kuwa wancan fanka ce kawai ke shuuu ba tsayawa. Wanda ke da ɗan lakwal a gida ya sa shi ya duba ƴar takardar da ke manne a jiki. Firigo mai inji ana rubuta irin gas ɗinsa, galibi R600a ko R134a. In ba a ga wannan ba, aka ga wata doguwar kalma mai farawa da "thermo", to farantin Peltier ne. A kan takardar nan kuma akwai wasu haruffa da ko masu sayen babban firigo ba su cika dubawa ba, alhali su ne ke faɗin zafin da aka ƙera shi ya jure. Harafin N na nufin har digiri 32, ST har 38, T kuwa har 43. Yawancin tsofaffin firigon da ake kwasowa daga Turai don ƙasar sanyi aka yi su, shi ya sa suke wahala a nan su yi ta cin wuta. Mu namu shi ne mai T.

Wadda kuɗinta bai kai na mai inji ba fa? A ganinmu gara ta tsaya ga kula da ƙanƙara, ta nemi kula mai kauri, ta ajiye ta a inuwa, ta rage yawan buɗewa. Masu tumatir da tattasai da yalo kuma kada su raina tukunya. Wani malamin makaranta a jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi a rufe da ɗanyen tsumma, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Yalon da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27 a gwajin da ya yi. Sai dai mu faɗi gaskiya, dabarar tana aiki ne idan iska a bushe take, wato da rani da farkon bazara, da damina ƙarfinta ya ragu, kuma ba ta kifi ko nama ba ce. Ba ta cin batir dai, kuma maginan tukwane muna da su.

Abin da muka fi so mu gani shi ne a daina sayen ƙananan abubuwa ɗaya ɗaya. Kuɗin da mata goma suka zuba a akwati goma da batir goma, da an haɗa shi wuri guda da ya yi nisa wajen sayen babban firiza mai kwamfuresa da farantan solarsa, wanda zai riƙa yin ƙanƙara da rana kowa ta ɗiba a kularta. Mun san haɗin gwiwa na da rigimarsa, wa zai riƙe makulli, wa zai biya gyara. Amma matan da ke riƙe adashe shekara da shekaru ba tare da takarda ba, ba makullin firiza ne zai gagare su ba. Rana kuwa ba mu da ƙarancinta. Tun a 1969 marigayi Farfesa Abdou Moumouni Dioffo ya karɓi ragamar ofishin makamashin rana na ƙasar nan yana nuna cewa ita ce dukiyarmu, kuma abin takaici ne a ce har yanzu mai talla ita kaɗai ke laluben abin da ya dace da ita a duhun kanti.

Ga hukuma kuma kiranmu ƙarami ne. Duk kwalin da ya shigo, duwan na karɓar nata. Ƙasar nan tana da hukumar ANMC mai kula da ingancin kaya da ma'auni. Ba mu ce a hana shigo da akwatin ba. A tilasta dai a manna masa takarda da Hausa da Zabarmanci da Faransanci mai cewa ba ya yin ƙanƙara, ba a ajiye kifi ko magani a ciki. Shugabannin ƴan kasuwar Gaya ma ba sai sun jira Yamai ba, suna iya kafa ƙa'ida tsakaninsu cewa duk mai sayar da abin sanyi ya yarda a gwada shi kafin a biya: a cika shi da ledojin ruwa da hantsi, a dawo bayan azahar da ma'aunin zafi a gani.

Dattijuwar Tunuga ta sake bugo mana bayan ƴan makonni. Mai kantin ya ƙi karɓar kayansa, amma ya yarda ya musanya mata sabon batir ɗin da kula babba, ta cika masa ƴan kuɗi. Ƙanƙara daga Gaya wani ɗan kabu-kabu ke kawo mata da sassafe, ita da maƙwabtanta biyu suna raba kuɗin hanya. Muka tambaye ta akwatin fa? Ta ce yana nan, garin rogo take zubawa a ciki saboda ɓeraye. Namu na wurin aiki kuwa tsofaffin kaset ne a ciki.